Farfaɗiya da Sauran Cututtukan Ƙwaƙwalwa: Yadda Magani Ke Aikinsa

A ce ana tsakiyar darasin lissafi da misalin ƙarfe goma na safe. Malam yana rubutu a allo, ajin ya yi tsit. Sai aka ji ƙara daga baya, kujera ta kife. Ko da aka waiga, wani ɗalibi ne kwance a ƙasa, jikinsa ya sandare, sannan ya fara jijjiga, kumfa na fitowa ta gefen bakinsa. Wasu suka ruga waje, wasu suka toshe hanci, wani ya ce a kawo cokali, wata ta ce kada kowa ya taɓa shi don ana ɗauka. Bayan minti biyu jijjigar ta tsaya. Yaron ya buɗe ido a gajiye, bai san abin da ya faru ba, sai dai ya ga an yi masa da'ira daga nesa ana kallonsa. Washegari babu wanda ya yarda ya zauna kusa da shi. Bayan mako biyu ya daina zuwa makaranta.

Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin irin wannan, ko a aji, ko a unguwa, ko a gida. Abin takaicin shi ne yaron nan bai rasa karatunsa don cutar ta fi ƙarfin magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 daga cikinsu za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin kowane mutum huɗu masu cutar ba sa samun maganin. Wani ɓangare na dalilin shi ne talauci da nisan asibiti. Wani ɓangaren kuma rashin sani ne, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu.

To yaya 'yar ƙwayar da ba ta kai girman wake ba take hana babban mutum faɗuwa? Kafin a gane amsar, sai an leƙa cikin ƙwaƙwalwa.

Yadda saƙo ke tafiya a jiki

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin halitta na musamman kimanin biliyan 86, waɗanda aikinsu aika saƙo da karɓarsa. Bari mu kira su ƙwayoyin saƙo. Kowace tana da rassa masu karɓa, da kuma wata doguwar jela mai kai saƙo gaba. Duk abin da kake yi, daga ɗaga biro zuwa tuna sunan kakarka, saƙonni ne ke gudu tsakanin waɗannan ƙwayoyi.

A cikin ƙwaya ɗaya, saƙon yana tafiya ne a matsayin 'yar wutar lantarki. Jikin ƙwayar yana da ƙananan ƙofofi. Idan saƙo ya zo, ƙofofin sinadarin sodiyam sukan buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, sannan ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fita, komai ya koma yadda yake. Wannan buɗewa da rufewa tana bin jelar daga farko har ƙarshe, kuma a jijiyoyi mafi sauri saƙon yana iya cin mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya.

Sai dai ƙwayoyin ba su manne da juna ba. Tsakanin jelar wannan da reshen waccan akwai ɗan gibi wanda ido ba ya gani, kamar rafi tsakanin ƙauyuka biyu. A nan ƙwayar farko takan saki wani sinadari daga cikin ƙananan jakunkunan da ta tanada, sinadarin ya haye gibin, ya shiga makarɓarsa a ɗaya gefen kamar yadda mukulli ke shiga kwaɗo. Waɗannan sinadarai su ne 'yan aiken ƙwaƙwalwa.

Wani masani mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a ƙasar Ostiriya a 1921, da zukatan kwaɗi guda biyu. Ya tsokani jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu. Ita ma sai bugunta ya ragu, alhali ba a taɓa jijiyarta ba. Ke nan jijiyar ta saki wani abu a cikin ruwan. Wannan abu shi ne asetilkolin, ɗan aike na farko da aka gano, kuma aikin ya sa Loewi ya sami kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale na Ingila.

'Yan aiken nan ba saƙo iri ɗaya suke kaiwa ba. Wanda ake kira gulutamet yana cewa ƙwaya ta gaba, "Tashi ki aika." Wanda ake kira GABA kuma yana ce mata, "Dakata." Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san amfanin totur da birki. Gulutamet shi ne totur, GABA shi ne birki, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa tana ga daidaito tsakaninsu. Kusan duk magungunan da za mu yi magana a kansu, a ɗaya daga cikin waɗannan wurare suke aiki: ko a ƙofofin, ko a gibin, ko a kan ɗan aiken kansa.

Abin da ke faruwa lokacin faɗuwa

A lokacin da mutum yake lafiya, ƙwayoyin saƙo suna aiki kamar kasuwa mai tsari, kowa na cinikinsa da abokin cinikinsa. Idan farfaɗiya ta tashi, wani rukuni na ƙwayoyin ne ke fara aika saƙo da sauri fiye da ƙima, kuma duk a lokaci guda, sai maƙwabtansu su kama, kamar a ce duk mutanen kasuwa sun ɗauki ihu ɗaya. Idan tarzomar ta tsaya a wani sashe, alamar takan tsaya a abin da sashen ke kula da shi: hannu ɗaya ya yi ta fizga, ko mutum ya ji wani wari da babu shi, ko ya yi ta tauna baki bai sani ba. Idan ta game ƙwaƙwalwa duka, sai a ga sandarewa da jijjiga da gushewar hankali. Akwai ma wani nau'i da ya fi kama yara, inda yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar ya tafi tunani, sannan ya dawo. Sau da yawa malamai kan ɗauka rashin mai da hankali ne.

Ana iya ganin wannan tarzoma a rubuce. Wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara ɗaukar hoton lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924, kuma na'urar da ta samo asali daga aikinsa, wadda ake kira EEG, tana nan a manyan asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. Tun kafin wannan na'ura ma, likitocin da suka gabata irin su Ibn Sina sun rubuta cewa daga ƙwaƙwalwa cutar take tasowa.

Me ke jawo ta? A yankinmu, manyan dalilai sun haɗa da wahalar haihuwa da ta hana jariri samun isasshiyar iska, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, buguwa a ka musamman a haɗarin babur, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Wasu kuma gado ne, wasu ba a gano dalilin ba. Faɗuwa sau ɗaya ba ta nufin mutum yana da farfaɗiya, haka nan jijjigar da zazzaɓi mai zafi ke sa wa ƙananan yara daban take. Kuma ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko taɓa jiki, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Hanyoyi uku na kwantar da tarzoma

Maganin farko da ya yi aiki na gaskiya shi ne gishirin buromayid, wanda Charles Locock, likitan Sarauniya Biktoriya, ya ba da labarinsa a Landan a 1857. Yana rage faɗuwa, amma yana dakusar da tunani, yana kuma fesar da ƙuraje. Magungunan da suka biyo bayansa, waɗanda ake sha a yau, za a iya kasa su gida uku bisa yadda suke aiki.

Hanya ta farko ita ce ƙarfafa birki. A 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya ba majinyatansa masu farfaɗiya wani sabon maganin barci mai suna Luminal don su samu su runtsa. Sai ya lura ba barci kaɗai suka samu ba, faɗuwar ma ta ragu, dare da rana. Wannan magani shi ne fenobabital. Idan GABA ya shiga makarɓarsa, wata ƙofa takan buɗe, sinadarin kuloraid ya shiga ƙwayar ya sanyaya ta. Fenobabital yana sa ƙofar ta daɗe a buɗe, sai birkin ya ƙara kamawa. Ya haura shekara 100 ana amfani da shi, kuma saboda arha har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aibinsa shi ne yana sa gyangyaɗi da nauyin kai, wasu yaran kuma yakan sa su rashin natsuwa. Allurar diyazefam da ake yi wa wanda jijjigarsa ta ƙi tsayawa ita ma ta hanyar GABA take bi, sai dai ita yawan buɗewar ƙofar take ƙarawa, kuma cikin mintuna take aiki.

Hanya ta biyu ita ce tsare ƙofofin sodiyam. A 1938, a birnin Bostan na Amurka, wasu likitoci biyu, Tracy Putnam da Houston Merritt, sun gwada sinadarai masu yawa a kan kyanwoyi, suna neman wanda zai hana jijjiga ba tare da ya sa barci ba. Suka dace da fenitoyin. Daga baya aka samu kabamazefin, wanda aka haɗa a Suwizalan a 1953, wanda da yawa suka sani da sunan Tegretol. Dabarar waɗannan biyun tana da ban sha'awa. Duk lokacin da ƙofar sodiyam ta buɗe ta rufe, takan ɗan huta kafin ta sake buɗewa. Maganin yana kama ƙofar ne a lokacin hutun, ya tsawaita shi kaɗan. Ƙwayar da ke aikinta a tsanake ba za ta ji wani bambanci sosai ba, domin dama tana da lokacin hutawa. Amma wadda ke son aika saƙo ɗaruruwa a jere, sai ta tarar ƙofofinta ba su shirya ba. Da haka ake hana ihu ba tare da an hana hira ba.

Hanya ta uku ita ce rage sakin 'yan aike. Lebetirasetam, wanda ake sayarwa da sunan Keppra, ya sami izini a Amurka a 1999. Yana maƙalewa ne a jikin jakunkunan nan da ke ɗauke da 'yan aike, ya rage yawan zubar da su a lokacin da ƙwaya ta rikice. Ba ya cika karo da wasu magunguna, amma ya fi tsada, kuma wasu yakan sa su saurin fushi.

Akwai kuma wanda ke bin hanya fiye da ɗaya, wato balfurowet, mai sunan kasuwa Epilim. Shi ma da sa'a aka gano shi. A 1962 wani mai bincike a Faransa, Pierre Eymard, yana narkar da sinadaran da yake gwadawa a cikin wani ruwa da aka daɗe da sani. Sai ya ga duk abin da ya narkar yana hana jijjiga. Ashe ruwan narkarwar ne maganin. Balfurowet yana ƙara yawan GABA, yana kuma taɓa ƙofofin sodiyam, shi ya sa yake aiki a kan nau'o'i da yawa. Amma yana iya cutar da jaririn da ke ciki, don haka likitoci ke taka-tsantsan wajen rubuta shi ga 'yan mata da matan aure.

Wannan bambanci ne ya sa ba a aron maganin farfaɗiya. Abin da ya yi wa maƙwabcinku aiki yana iya ƙara wa ƙanenku ciwo. Misali, kabamazefin yana iya tsananta nau'in nan na ƙura ido. Likita ne ke duba nau'in cutar, da shekarun mai ita, da nauyinsa, da sauran magungunan da yake sha, sannan ya zaɓa.

Me ya sa sai an sha kullum?

Nan ne iyalai da yawa ke tuntuɓe. An sha magani wata uku, faɗuwa ta tsaya, sai a ce ai ya warke, a ajiye. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo, wani lokaci fiye da da, sai a yanke hukunci cewa maganin asibiti ba ya yi.

Maganin farfaɗiya ba irin maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ke kashe ƙwayar cuta cikin kwana uku a gama. Shi gadi yake yi, kuma mai gadi sai yana bakin ƙofa yake da amfani. Ku ɗauki jiki kamar randa mai ɗan yoyo. Daga lokacin da aka haɗiye ƙwaya, hanta da ƙoda sun fara fitar da ita. Idan ana ƙara ruwa a kan lokaci, randar ba ta sauka ƙasa da inda ake buƙata. Idan aka tsallake, ruwan ya sauka, tarzoma ta sami hanya. Idan kuma aka zuba fiye da ƙima, sai jiri da gani biyu-biyu da tangaɗi su biyo baya. Saurin yoyon ya bambanta: fenobabital yakan daɗe a jiki, shi ya sa yawanci sau ɗaya ake shan sa da dare, kabamazefin kuwa sau biyu ko fiye a rana.

Dainawa farat ɗaya tana da haɗari na musamman. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙarin birki, idan aka cire shi rana ɗaya, tana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa, wadda kan iya kisa. Idan mutum ya yi shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita yana iya fara rage maganin sannu a hankali cikin watanni, kuma yara da yawa sukan rabu da shi gaba ɗaya ta wannan hanya. Amma shawarar ta likita ce.

Wasu abubuwa kuma suna taimaka wa maganin ko su kawo masa cikas. Rashin barci na daga cikin manyan masu tayar da ciwon, don haka ɗalibi mai farfaɗiya bai kamata ya kwana karatu a daren jarrabawa ba. Kafin azumi ya kama, ya kamata a je a ga likita don a tsara lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki, ko ya faɗi in azumin zai cutar. Idan ƙuraje suka feso a jiki ko baki ya yi gyambo a makonnin farko na shan kabamazefin ko fenitoyin ko fenobabital, a tafi asibiti a ranar. Mai shan fenitoyin ya riƙa kula da goge baki, domin yana sa dasashi kumbura. A sayi magani a kantin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Addu'a kuma ba ta hana shan magani, kamar yadda shan magani ba ya hana addu'a.

Idan ɗan aike ya yi ƙaranci: cutar Parkinson

A farfaɗiya saƙo ne ya yi yawa. A cutar Parkinson kuwa, wadda wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya bayyana a 1817, wani ɗan aike ne ya yi ƙaranci. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi inda ƙwayoyi ke samar da dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul. Idan waɗannan ƙwayoyi suka yi ta mutuwa, sai hannu ya fara makyarkyata ko da mutum yana zaune, jiki ya yi tauri, tafiya ta zama ƙananan taku, rubutu ya ƙanƙance. Ta fi kama tsofaffi. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali an gano tana jikinsa a 1984, kuma duniya ta gan shi a 1996 yana kunna wutar gasar Olamfik a Atalanta hannunsa na rawa.

Mai karatu zai ce, to a ba mai ciwon dofamin mana. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa tana da shinge. Jijiyoyin jinin da ke cikinta a matse suke ƙwarai, ba kowane abu da ke yawo a jini suke bari ya wuce ba, kuma dofamin yana cikin waɗanda ake tsarewa. Mafita ta zo daga Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin, wanda a 1957 ya ba zomayen da suka kasa motsi wani sinadari mai suna lebodofa, suka miƙe suna tsalle. Lebodofa shi ne abin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin, kuma shingen yana barin sa ya wuce, domin ya yi kama da sinadaran abinci masu gina jiki. Da ya shiga, ƙwayoyin da suka rage sai su mai da shi dofamin. A 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a riƙa ƙara shi a hankali har majinyatan da suka daɗe a kujera su tashi su yi tafiya. Carlsson ya sami kyautar Nobel a shekarar 2000.

Da sauran dabara ɗaya. Jiki yakan mai da mafi yawan lebodofa dofamin tun a hanji da jini, kafin ya isa ƙwaƙwalwa, abin da ke jawo tashin zuciya da amai. Sai aka haɗa shi da kabidofa, wanda ke hana wannan canji, amma shi kansa ba ya iya haye shingen. Kamar ɗan rakiya ne da ke kai baƙo har ƙofar gida, ya tsaya a waje. Lebodofa ba ya hana ƙwayoyin ci gaba da mutuwa, kuma bayan shekaru aikinsa yakan riƙa yankewa, amma ya ba miliyoyin mutane shekaru masu yawa na cin abinci da sa tufafi da hannunsu.

Waken Kalaba da ya zama magani

Nijeriya ma tana da hannu a wannan tarihi. A yankin Kalaba akwai wani wake mai dafi wanda a da ake tilasta wa wanda ake tuhuma da maita ya ci. A ƙarni na 19 aka kai shi Turai, kuma a 1864 aka ciro sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin.

Ku tuna da asetilkolin na zukatan kwaɗi. Shi ne ke kai saƙo daga jijiya zuwa tsoka. Da ya gama aikinsa, wani sinadari mai shara yakan farfasa shi nan take don a share fili. Akwai wata cuta mai suna mayasteniya, inda garkuwar jiki ke lalata makarɓan asetilkolin a tsoka, sai fatar ido ta riƙa faɗowa, tauna da haɗiya su yi wuya, musamman da yamma. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata majinyaciya allurar fisostigmin, cikin ɗan lokaci matar ta buɗe ido ta iya haɗiya. Sinadarin yana riƙe hannun mai sharar ne, sai asetilkolin ya daɗe a gibin har ya sami makarɓan da suka rage. Maganin da ake ba masu wannan cuta a yau, firidostigmin, da donefezil da ake ba tsofaffi masu cutar mantuwa ta Alzheimer, duk wannan dabara suke bi. Abin da ya kashe mutane a matsayin dafi ya ceci wasu da aka auna shi.

Magani a hannun da bai dace ba

Wannan darasi na awo ya shafe ku kai tsaye. Ƙwayar Exol da wasu matasa ke sha don maye, asalinta maganin makyarkyatar Parkinson ce. Tana toshe makarɓan asetilkolin, kuma a jikin mai lafiya abin da take haifarwa shi ne bushewar baki, bugun zuciya da sauri, ruɗewa, gane-gane da mantuwa. Diyazefam da ke ceton rai a ɗakin gaggawa, idan aka mai da shi abin sha kullum ƙwaƙwalwa takan dogara da shi, ranar da aka rasa kuma jijjiga na iya tashi. Tiramol kuwa, idan aka sha da yawa, yana iya kayar da wanda bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Ƙwaƙwalwarku tana ci gaba da ginuwa har bayan shekara 20. Wanda ya gane yadda daidaiton totur da birki yake da laushi ba zai miƙa shi ga mai tallan ƙwaya a bakin tasha ba.

Idan abokinka ya faɗi

Mu koma ajin da muka fara da shi. Ga abin da ya kamata a yi. Ka natsu, ka duba agogo. Ka janye kujeru da duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa jaka ko riga a ƙarƙashin kansa, ka sassauta masa wuyan riga. Kada ka danne shi. Kada ka sa cokali ko yatsa ko tsumma a bakinsa: mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko mai ko magani, kada a yi masa hayaƙi, domin abin na iya wucewa huhu. Da jijjigar ta lafa, ka juya shi ya kwanta a gefe don yawu ya fita. Ka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, ka gaya masa abin da ya faru cikin taushin murya, ka kori 'yan kallo, kuma kada kowa ya ɗauki bidiyo.

A garzaya asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko wannan ne karo na farko, ko ya ji rauni, ko a cikin ruwa abin ya same shi, ko numfashinsa bai daidaita ba. Wanda ciwonsa bai gama lafawa ba ya guji wanka a rafi shi kaɗai, da hawa bishiya, da zama dab da wuta ko bakin rijiya.

Bayan haka sai abin da babu kantin da ke sayar da shi. A 2008 wata yarinya 'yar shekara 9 a Kanada, Cassidy Megan, wadda ke da farfaɗiya, ta fara ware rana don masu cutar su san ba su kaɗai ba ne. Yanzu duk 26 ga Maris ana sa tufafi masu launin shunayya a ƙasashe da dama saboda ita. Kai ba sai ka jira Maris ba. Idan abokinka ya dawo aji washegari, ka ja kujerarka kusa da tasa, ka ba shi littafinka ya kwafi darasin da ya wuce shi, in lokacin shan maganinsa ya yi kuma ka tuna masa.